Jirgin da Malam Dabo Ya Sa wa Sitiyari

Malam Dabo ya ɗauki tsinken da matsefata, ya kai shi bakin ƙofar shago inda haske ya fi yawa, ya juya shi sama da ƙasa. Tsawonsa bai kai na ashana ba, a kansa akwai ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Ya daɗe yana kallonsa, bai gane ko na mene ne ba.

Jirgin yana zaune a kan teburin aiki, tsakanin zarto da gwangwanin gam. Tsawonsa kamu ɗaya, an yi shi da wani irin katako mara nauyi kamar karan dawa. Fukafukai sun hau, farfela ta hau, tayoyi sun hau, an shafe shi da fenti ruwan toka. Duk wannan aikin 'yarsa Lailatu ne, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, ita da ɗalibanta. A sito suka tsinci kwalin kayan haɗa shi. Wani matuƙin jirgin soja ne ya ba makarantar kyauta shekarun baya, aka ajiye aka manta. Mako uku suna bin takardar bayani shafi-shafi, har suka zo shafin ƙarshe, na ɗakin matuƙi, suka tarar gara ta cinye shi tas. Abin da ya rage sai ambulan mai ƙananan katakai, da rami a gadon bayan jirgin wanda da ƙyar yatsu biyu suke shiga.

"Ni ko a jikina, Baba," in ji Lailatu jiya da yamma, da ta ajiye masa kwalin. "Na ce wa shugabar makaranta, takardar mi muke nema, ga mahaifina da ya zauna cikin na gaske? Gobe ka haɗa mana, jibi Asabar ka zo ka yi wa yara bayani. Minti biyar kawai. Har Alhaji Sada da ya ba mu jirgin zai zo."

Ta ma riga ta rubuta katin da za a jingina a gaban jirgin, da rubutunta mai tsabta. Yana nan jingine da gwangwanin gam: Ɗakin matuƙi, aikin Kyaftin Dabo mai ritaya.

Gobe ne sojoji za su miƙa mulki ga farar hula, makarantar kuma ta shirya ɗan biki da baje kolin ayyukan ɗalibai, iyaye za su zo. Rediyon da ke rataye a ƙusa ba ta da wata magana tun asuba sai ta shirye-shiryen Abuja. Malam Dabo ya miƙa hannu ya kashe ta.

Shekara ashirin ke nan daidai, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki karon farko, ya dawo unguwarsu Ƙofar Durbi daga Kaduna. Shekara goma sha ɗaya ya yi a barikin sojan sama, a sashen ayyuka, yana kafinta. Benci yake yi, da akwatuna, da waigi, wato katakon da ake tokare tayar jirgi da shi don kada ya gangara. Ranar da zai taho wani hafsa ya ba shi tsohuwar rigar sanyi ta matuƙa. Da ita ya sauka a tasha, abokinsa Yari direba ya hango shi ya ɗaga murya, "Kyaftin!" Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Bayan kwana biyu wani ya tambaye shi a teburin mai shayi yadda gari yake daga sama, sai ya ji bakinsa ya ce, kamar tabarma. Daga tabarma aka je gajimare, daga gajimare aka je Makka. Da aka tambayi abin da ya dawo da matuƙi kan zarto, ya ce ciwon ido. Bai taɓa zama ya ƙudura zai yi ƙarya ba. Kullum jimla ɗaya yake ƙarawa don ta tallafi ta jiya.

Ƙofar cikin gida ta yi ƙara. Shagon a zauren gidansa yake. Matarsa Rakiya ta leƙo da kwanon koko.

"Malam, ga kokon."

"Aje nan."

Ta ajiye, ba ta koma ba. A duk faɗin unguwar ita kaɗai ce ba ta taɓa kiran sa Kyaftin ba, domin ita ce take wanke masa kayan aiki a Kaduna, ta san garin katako ne a aljihunsa.

"Malam, ka aika a kira yarinyar nan ka faɗa mata."

"In faɗa mata mi?"

"Ka fi ni sani. Ni dai shekara ashirin ban ce uffan ba, don ba wanda ya tambaye ni. Amma gobe a gaban jama'a ne, kuma wurin aikinta ne."

"Jirgi ai mota ce mai fukafuki, Rakiya. Mi ye abin wuya?"

Ta dube shi, ta dubi ɗan ramin da ke bayan jirgin.

"To. Allah shi sa."

Da ta koma ciki, ya zazzage ambulan ɗin a kan farar takarda. Kujera ya gane ta. Allo mai zanen ƙananan agogo ma ya gane, gaban matuƙi zai zauna. Sai wasu 'yan falle biyu masu kamar tafin takalmi, sai wannan tsinken. Ya leƙa cikin ambulan, ya hura ta, ya girgiza kwalin. Babu sitiyari. Lallai, in ji shi a ransa, gara ta haɗa da shi.

Ya rufe jirgin da ƙyalle, ya fita.

Yari yana bakin titi kusa da mai shayi, yana wanke tsohuwar Fijo ɗinsa da yake jigilar Jibiya da ita. Ranar Juma'a ba ya lodi sai an sauko.

"Kyaftin! Barka da asuba. An tashi lafiya? Ya iyali? Yau kuma motar ƙasa ake sha'awa?"

"Lafiya lau. Ya kwanan gida? Bari in zauna, na ga kamar kujerar nan taka ta karkace."

"Wannan kujera ta girmi 'yarka, ina za ta miƙe?"

Malam Dabo ya shiga mazaunin direba, ya ɗora hannu a sitiyari, yana motsa jiki kamar mai gwada kujera, idonsa kuwa yana ƙirga. Sitiyari a gaba. Giya a dama. A ƙasa abin takawa uku, totur, birki, kuloci. Madubi a sama. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ashe tsinken nan giya ne. 'Yan fallen nan kuwa abin takawa ne, ɗaya ya ɓata.

"Gobe dai mutanenka za su koma bariki," in ji Yari, yana matse soso. "Sai ku sakar mana ƙasar mu ma mu ɗan tuƙa."

"Ku da ko birki ba ku da shi?"

"Kai, Kyaftin, ban da cin fuska! Wai ni kam, jirgi yana da ribas?"

"Duk abin da ke tafiya gaba yana da ribas."

Yari ya gyaɗa kai da gamsuwa. Malam Dabo ya fito daga motar bai yarda sun haɗa ido ba.

Da ya koma shago sai aiki ya ɗauke shi. Ya shafe gefen kujerar da samfefa har ta yi santsi, ya yanko ɗan ƙyallen fata daga tsohon takalmi ya yi mata shimfiɗa. Ya ɗiga gam da bakin allura, ya zaunar da ita da matsefata, ya riƙe numfashi har ta kama. Ya kafa allon agogo a gabanta. Ya manna tsinken a hannun dama, ya ɗan karkatar da shi kamar an sa giya ta ɗaya. Ya sassaƙa abin takawa na uku, ya jera shi da 'yan'uwansa, ba mai iya cewa ga baƙon.

Sitiyarin ne ya ba shi wuya. Ya samo guntun maɗaci, ya riƙa cin sa da reza kaɗan-kaɗan har ya dawo faɗin maɓallin riga. Na farko ya karye wurin huda tsakiya. Na biyu ya kuɓuce ya faɗa cikin garin katako, ya yi ta lalube a durƙushe bai gan shi ba. Na uku ya fito da ƙafafu uku sirara, zagayensa babu tangarɗa. Ya yanko takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin ganyen shayi, girman ƙwayar shinkafa, ya yi madubi. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga abin ya yi kyau ƙwarai. Tun da yake bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Har ya soma tunanin ko gobe za ta wuce lafiya.

Ya je masallacin Juma'a. Liman ya yi addu'a Allah ya ba shugabannin da za su hau gobe ikon riƙe gaskiya, jama'a suka amsa da ƙarfi. Malam Dabo ya amsa shi ma, a hankali, kansa a sunkuye.

Bayan la'asar yana goge ƙurar fukafukai, sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Lailatu ta fito daga baya, tana gyara mayafi, fuskarta cike da murna. Bayanta wani dogon dattijo ne mai furfura, cikin farin kaftani mara ado.

"Baba, ga Alhaji Sada. Ya zo makaranta duba shiri, da ya ji labarinka ya ce ba zai koma Ƙofar 'Yandaka ba sai ya zo ya gaida ɗan'uwa."

Malam Dabo ya dubi dattijon. Ya san fuskar nan. Furfura ce kawai ta ƙaru. Sau nawa ya tsaya a gefen fili da waigi a kafaɗa, yana kallon wannan mutumin yana hawa tsani, yana fito, hular tuƙi a hammata?

Aka gaisa. Aka tambayi gida, da iyali, da zafi, da gajiya, aka sake komawa kan iyali. Malam Dabo yana ta jan gaisuwar, ya tambayi har lafiyar hanya, alhali daga makaranta zuwa nan ba nisa. Ganin baƙuwar mota ya sa Yari ya tsallako da wasu mutum biyu daga teburin mai shayi, suka tsaya a bakin ƙofa.

"Wace shekara kuka yi Kaduna, Malam?" in ji Alhaji Sada.

"Sittin da takwas zuwa saba'in da tara, ranka shi daɗe."

"Ashe mun yi zamani tare. Sai dai ban riƙe fuskar ba."

"Mutane da yawa, ranka shi daɗe."

"Haka ne. To, mu ga jirgin namu."

Alhaji Sada ya ciro tabarau daga aljihu, ya sunkuya a kan ramin. Lailatu ta sunkuya ta ɗaya gefen. Malam Dabo bai dubi baƙon ba, 'yarsa yake kallo. Yarinya ce mai karatu, tun tana ƙarama take kwaso littattafai masu hotunan injuna. Ya ga idonta ya sauka a kan sitiyarin, ya matsa zuwa giyar, ya sauka ƙasa ya ƙirga abin takawa. Ya ga murmushin ya tsaya a fuskarta, bai ƙaru ba, bai tafi ba, kamar ta manta yadda ake sauke shi.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan madubi ne?"

Kafin ya amsa, Yari ya kutso kai tsakaninsu.

"Kai! La ilaha illallahu! Wallahi kamar motata! Ku zo ku gani, har kuloci! Ashe Kyaftin, ni ma in an ba ni jirgi sai in tashe shi!"

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana yabo. Mutanen bakin ƙofa suka leƙo suna jinjina kai.

Alhaji Sada ya miƙe a hankali, ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya dubi Lailatu, ya dubi mutanen, sannan ya dubi Malam Dabo.

"Hannun nan ya iya aiki," ya ce. "Kuma ai akwai manyan jirage masu wani abu kamar sitiyari. Wataƙila irinsu Malam ya saba da su."

Malam Dabo ya gane. Mutumin ya gani sarai, yana rufa masa asiri ne. Abin da ya rage masa kawai ya gyaɗa kai, a sha ruwa, baƙo ya tafi. Har wuyansa ya soma sunkuyawa.

"Eh, haka ne," in ji Lailatu da sauri. "Irinsu ne. Manya ya tuƙa. Ya sha gaya mana."

Muryar ba tata ba ce. Ta yi sama, ta yi siriri. Idonta yana ƙasa, yatsunta suna murɗa bakin mayafi. Yarinyar da in ta fasa kofi tana 'yar shekara biyar takan ɗauko gutsattsarin ta kawo da kanta. Yau ga ta, ta gani da idonta, ta sani, ta kuma ɗauki maganarsa ta ƙara mata jimla ɗaya. Gobe za ta ƙara wata a gaban ɗalibanta.

"A'a," in ji Malam Dabo.

Aka juyo.

"Ranka shi daɗe, Allah shi saka da alheri. Amma ni ban taɓa shiga jirgi ba. Ko tsaninsa ban taɓa takawa ba. Kafinta ne ni a sashen ayyuka. Benci, da akwati, da waigi. Na san ka sarai, kai ne mai fito in za ka hau. Wannan kuwa," ya nuna ramin da yatsa, "motar Yari na shiga da safe na kwaikwaya."

Yari ya soma dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta.

"Kyaftin, wasa kake?"

"Dabo."

Yari ya cire hula ya sosa kai. "To, Makkar da ka ce ka gani daga sama fa? Da fitilu?"

"A kalanda na gani."

Ɗaya daga mutanen bakin ƙofa ya toshe baki da hannu ya juya. Ɗayan ya bi shi. Malam Dabo ya ji takunsu yana sauri zuwa teburin mai shayi, ya san kafin a kira magariba babu gidan da labarin ba zai shiga ba a Ƙofar Durbi. Yari ya mayar da hularsa.

"Ashe jirgi ba ya da ribas ke nan," ya ce a hankali, kamar shi aka yi wa rashi. Ya fita.

Alhaji Sada ya jawo benci ya zauna.

"Malam Dabo, gam ɗin nan zai ɓamɓaru?"

"Da reza zai ɓamɓaru."

"To ɗauko. Ni hannuna rawa yake yi yanzu, sai dai in faɗa ka yi."

Haka suka yi. Sitiyari ya fita. Madubi ya fita. Abin takawa na uku ya fita, aka raba biyun da suka rage, ɗaya dama ɗaya hagu. Alhaji Sada ya ce ba totur da birki ba ne, da su ake juya wutsiyar jirgi. Tsinken kuwa sandar tuƙi ce, tsakanin gwiwoyin matuƙi take tsayawa, ka jawo ta jirgi ya ɗaga kai, ka tura ta ya sunkuya. Malam Dabo yana saurare, yana ɗiga gam, gumi yana bin gemunsa. Bai ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Lailatu tana tsaye a jikin bango inda tsohuwar rigar sanyin take rataye.

Da aka gama, Alhaji Sada ya ɗauki ɗan sitiyarin a tafin hannu, ya kai shi kusa da ido.

"Wannan ka bar mini," ya ce, ya naɗe shi a hankici. "Gobe ni zan yi wa yara bayanin tuƙi. Kai dai ka zo."

Malam Dabo ya raka shi mota. Da ya dawo ya tarar Lailatu ta zauna a bencin, katin yana hannunta.

"Tun ina aji uku nake gaya wa mutane," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Na sani."

"Har faɗa na yi da wata yarinya, ta ce ƙarya nake. Aka yi mini bulala shida."

Wannan bai sani ba.

"Ki cire sunana gaba ɗaya," ya ce daga baya. "Ki ce ɗalibai suka yi. Gobe ba zan zo in ƙara miki kunya ba."

Ta ajiye katin a kan tebur. Ta miƙe za ta ɗauko kwalin, gwiwarta ta bugi teburin. Teburin dama ƙafa ɗaya ta fi guntu. Jirgin ya motsa, tayoyinsa suka gangara zuwa baki, ta tare shi da hannu biyu saura kaɗan ya faɗo.

"Haka zai yi mana gobe," ta ce. "Teburan makaranta duk sun fi wannan karkata."

Malam Dabo ya dubi tayoyin. Hannunsa ya riga ya kai ga guntun maɗacin da ya rage. Bai auna ba, bai yi zane ba. Reza ta sauka sau biyu, ta sake sauka sau biyu, ga 'yan waigi huɗu a kan farar takarda, kowanne da ɗan lanƙwasa a cikinsa daidai zagayen taya. Ya huda su da allura, ya tsinko zare, ya haɗa su biyu-biyu.

Lailatu tana riƙe da jirgin, tana kallon hannunsa. Ta saki hannu ɗaya, ta kifa katin a kan tebur, bayansa fari ya dubi sama, ta ciro biro daga jaka ta ajiye a kai. Sannan ta ɗauki waigi ɗaya da yatsu biyu.

"Gaba ake sa shi ko baya?"

"Gaba da baya," in ji Malam Dabo. Ya gyara murya. "Kowace taya biyu. Kada ki matse shi da yawa, in rana ta yi zafi taya takan buɗe ta danne shi, sai ya ƙi fita. Igiyar ta dubi waje, don mai cirewa kada ya matsa kusa da farfela."

"Faɗi a hankali, Baba," ta ce, ta jawo katin gabanta. "Yara za su tambaya."